Ayar Da Na Danne Da Babban Yatsana

Ni ba ɗan boko ba ne, kuma ban iya kwana-kwana ba, don haka zan faɗi abin yadda yake. Lokacin da wannan abu ya faru ina da injin niƙa biyu a Tambuwal, ina kuma zagayawa Jabo da Sanyinna ina gyara wa mutane nasu. Kirista ne ni. Iyayena suka zo da ni garin nan ina goye, nan na girma, nan na yi aure, nan na haifi ɗiya fuɗu. Karatu kuwa sai da na yi gemu na koye shi a ajin manya na ikilisiya, har yau da yatsa nake bin layi. Mu masu bi ba mu da yawa a nan, majami'armu ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano da benci takwas. Ba mu da fasto zaunanne, daga Sakkwato yake zuwa bayan wata biyu ya ba mu jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da Yesu, ya koma. Sauran Lahadin mu dattawa uku ke karɓa-karɓar wa'azi. Ɗaya aka yi masa canjin wurin aiki, ɗaya idonsa ya yi yana, sai bagade, wurin tsayawar mai wa'azi, ya koma hannuna ni kaɗai. Yawancin masu zama gabana ba su iya karatu ba. Abin da na karanta musu, shi ne Maganar Allah a wurinsu.

Akwai wani ɗan'uwa a cikinmu, ɗan kabu-kabu, na girme shi da kusan shekara goma. Ba dangi muke ba, amma Yaya yake ce mini, a kwanona yake ci, ni na tsaya masa lokacin aurensa. Matata tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma duk ranar kasuwar Kebbe shi ke kai ta ya dawo da ita, don ban yarda da tuƙin kowa ba sai nasa. Wata rana da la'asar ina cikin ɗaure belin inji aka zo aka ce in bar komai in zo. Sun faɗi a kan hanyar dawowa. Shi ya kuje gwiwa da kafaɗa, ita kanta ya bugi dutse, ba ta ko kai asibiti ba. Ya ce mini saniya ce ta ratso titi. Na yarda. A wurin zaman makoki ni na riƙa lallashinsa, maƙwabtana Musulmi da suka cika ƙofar gida suna ta yi mana ta'aziyya mu biyu kamar uwa ɗaya ta haife mu.

Shekara ta zagayo, ranar godiyar kaka, majami'a cike da dammunan gero da dawa, fasto ma ya zo. Da aka ba da lokacin shaida sai mutumin nan ya miƙe. Ya ce babu wata saniya. Ya ce a ranar, kafin su taso, ya ratse wani lungu ya sha, ya sha da yawa, ita ma ta ji warin a bakinsa ta ce su jira mota, shi ya matsa mata ta hau. Ya ce shekara guda bai yi barcin kirki ba, ya gwammace a kashe shi da ya ci gaba da ɗaukar ƙaryar nan. Ya taho ya durƙusa ya kama ƙafafuna yana kiran Yaya, Yaya. Fasto ya dube ni, jama'a suka dube ni, aka tambaye ni ko na gafarta. Me zan ce a gaban bagade? Na ce na gafarta. Mata suka ɗauki waƙa, wasu na kuka. Ni kuwa ina tsaye ina kallon ƙeyarsa, ina tunanin inda na ajiye babbar sifanata ta gyaran inji.

Ban taɓa shi ba. Na sami abin da ya fi sifana. Bisa ga ƙa'idarmu an sa shi horo wata shida: zai zauna a bencin baya shi kaɗai, ba jibi, ba waƙa a gaba, har dattawa su shaida tubansa na gaskiya ne. Dattawan kuwa ni ne. Fasto ya hau mota ya tafi, ya bar ni da bagade, ya bar shi da bencin baya, muna fuskantar juna kowace Lahadi.

Akwai wani wuri a littafinmu mai tsarki, cikin wasiƙun wani manzon Yesu, inda ya jera irin mutanen da ba za su gāji mulkin Allah ba, a ciki har da ɓarayi da mashaya. Nan na kafa bukka. Ayar da ke biye da ita kuwa cewa take waɗansunku ma da haka kuke, amma an wanke ku, an tsarkake ku, an kuɓutar da ku cikin sunan Ubangiji Yesu. Na san tana nan. Ba mantuwa na yi ba, kada wani ya yi mini uzuri. Idan na iso wurin sai in ɗora babban yatsana a kanta, in rufe littafin da ƙarfi har ya yi ƙara, in ɗaga kai in dubi bencin baya. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba na bukata. Sai in ce akwai wanda zai sha ya hau babur ya ɗora wa saniyar Allah laifi, irin wannan ko hawayensa ya cika gulbi wuta ba ta mutuwa da hawaye. In ga kafaɗunsa sun sauka, in ji wani sanyi ya ratsa ƙirjina. Ban ɓoye muku, daɗi nake ji. Ranar Asabar ina niƙa, gari na zuba a gemuna, ina shirya kalmar da za ta fi shiga masa.

Wata tsohuwa cikin zumuntar mata ta tare ni a bakin ƙofa wata Lahadi, tana dariya amma idonta ba ya dariya. Ta ce da ni, dattijo, tun girbi kake gasa su a wuta ga shi har an kusa shuka, sun gasu ta gefe ɗaya, ko za a juya su a kai su gindin gicciye su ɗan sha iska. Na ce mata ta je ta ji da tukunyarta, bagade ba na mata ba ne. Da wata shida suka cika fasto ya tambaye ni, na ce ban ga alamar tuba ba, a ƙara masa. Aka ƙara. Da suka sake cika na ce an gan shi kusa da lungun nan. Ba wanda ya gan shi. A lokacin ko ruwan tsami bai sha ba, kullum shi ke fara zuwa ya share majami'a ya goge benci, har nawa.

Sau ɗaya ya same ni a wurin inji. Ya jira har masu niƙa suka watse, ya tsuguna nesa da ni, ya ce Yaya, shi bai iya karatu ba, ni ne idonsa, in gaya masa gaskiya ko akwai wata ƙofa da ta saura wa irinsa. Na ce abin da ke rubuce na karanta masa, ni ban rubuta ba. Na tayar da inji don kada in ji sauran.

Bayan haka ya daina zuwa. Ya sayar da babur, ya kwashe matarsa da ɗiyansa ya koma Kebbe yana dako a kasuwa. Labari ya riƙa zuwa cewa ya koma sha, yanzu ba ɓoyewa, yana cewa wanda aka riga aka yanke wa hukunci mi zai tsare. Da na ji, cewa na yi to ga shi, ai na faɗa. Har na yi wa'azi a kai.

Shekara biyu da wani abu, matarsa ta kira ni a waya. Ta ce Yaya, hanta ta kama shi, ciki ya kumbura, asibiti sun ce a koma gida, kuma ba wanda yake kira sai ni, ya ce in zo da littafin. Na tafi ranar Alhamis da hantsi. Duk tsawon hanyar nan ina gaya wa kaina zan karanta masa har ƙarshe, ya isa haka. Na wuce daidai inda suka faɗi, dutsen yana nan gefen hanya, na rage gudu na dube shi. Daga nan ban ƙara gaya wa kaina komai ba.

Na same shi kwance a kan tabarma a zaure, idanu rawaya, ƙafafu kamar turmi. Matarsa na zaune wajen kansa da mafici. Ya yi ƙoƙarin tashi ya gaishe ni, ya kasa. Ya ce in karanta masa wurin nan, a hankali, ko akwai abin da kunnensa ya tsallake a da. Na buɗe. Na karanta jerin nan ɗaya bayan ɗaya, na iso mashaya. Yatsana ya je ya zauna inda ya saba zama. Ina ganin kan haruffan suna leƙowa ta gefen farcena. Ya jira. Ya tambaye ni ko shi ke nan. Na tuna matata tana cewa a jira mota. Na ce shi ke nan. Ya ce to, ya gode, Allah ya mai da ni gida lafiya, ya juya fuskarsa ga bango. Matarsa ta kawo mini fura, na sha. Wannan ma ban manta ba, na shanye ta tas.

Ranar Asabar ya cika. Fasto ya zo daga Sakkwato don jana'iza, muka taru a bakin kabari mu 'yan kaɗan. Ban san abin da ya kai shi ba, cikin dukan littafin nan sai ya buɗe wurin. Wataƙila don kowa ya san abin da ya kashe mutumin, ya ga gara a fuskanci maganar. Ya karanta jerin, ya iso mashaya, bai tsaya ba. Ya wuce. An wanke ku, an tsarkake ku. Ya rufe littafin a hankali ya ce ceto kyauta ce, ba lada ba ce, jinin Yesu bai zuba don masu tsabta ba, kuma ɗan'uwan nan ya taɓa tsayawa gaban jama'a ya faɗi abin da ba wanda ya tilasta shi ya faɗa, sauran yana hannun Mai jinƙai. Ina jin idon matar a kaina tun kafin in ɗaga kai.

Ba ta yi mini ihu ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai da aka rufe kabari mutane suka fara tafiya ta matso, ta rage murya, ta ce Yaya, tambaya ɗaya gare ta: wannan da fasto ya ƙara, a littafinsa kaɗai take, ko akwai ta a nawa. Littafin na hammatata. Ina iya cewa bugun ya bambanta, ba ta iya karatu ba, da ta yarda. Na ce akwai. Ta ce ran Alhamis ma akwai? Na ce akwai. Ta gyaɗa kai, ta ja hannun ɗiyanta ta tafi. Tun ranar ba ta ƙara ce mini Yaya ba, ba ta ƙara ce mini komai ba. Buhun geron da na aika mata da kaka, a motar da ta kai shi ya dawo.

Na gaya wa fasto duka. Ya ce yatsana bai isa ya rufe ƙofar da Allah ya buɗe ba, ceton mutumin ba a hannuna yake ba tun farko. Amma ya ce salamar da zai mutu da ita, wannan na ƙwace, kuma ba ni da inda zan mayar da ita. Na sauka daga matsayin dattijo. Ba wanda ya sa ni horo, ni na ɗauki littafina na koma bencin baya, nan nake zama har yau.

Ba zan yi muku ƙarya in ce zuciyata ta wanke ba. Akwai safiyar da nake tashi in ga gefen gadon da babu kowa, in ji da zai dawo da sai na sake yi masa. Ga irin mutumin da ya riƙe bagade shekara da shekaru. Ramuwar da na nema na same ta cikakkiya, ba abin da ya rage, kuma ba ta dawo mini da ko zanen matata ba. Abin da ta ƙara mini shi ne kabari na biyu da ba na iya bi ta kusa da shi.

Ku da kuke hawa bagade a ƙananan majami'u irin tamu, inda mutane ke kallon bakinku don ba su iya duba takarda ba, ku ji daga wanda ya ɓata. Bishara labari mai daɗi ce, in ka faɗi zunubi ka tsaya nan ba ka faɗi bishara ba, rabin magana ka faɗa, kuma rabin nan kisa yake yi. In akwai wanda kake ƙi a cikin masu sauraronka, kada ka hau, ka ce ba ka da lafiya, ai gaskiya ka faɗa. Ku kuma masu zama a benci, ku koyi karatu ko da furfura, in an rufe littafi da sauri ku ce a buɗe a ci gaba. Ni nawa littafin, wurin nan ya yi baƙi da man inji, shatin yatsana ya zauna daram a kan ayar. Na sa tsumma, na sa kananzir, bai fita ba. Kowace Lahadi nakan buɗe shi a bencin baya in karanta ta ta cikin dattin, a hankali, da ƙarfi kaɗan, ko da yake wanda ya roƙe ni ita ba ya nan.