Rajistar Abincin Rana a Sparkbrook

Bayan na yi ritaya daga aikin akanta a Manchester, na koma Birmingham kusa da 'yata, kuma ba a jima ba aka zaɓe ni cikin kwamitin kula da wata makarantar firamare a unguwar Sparkbrook. A zamana na farko shugabar makarantar ta sanar da mu cewa za a sallami malamar da ke koya wa yara sababbin zuwa Turanci, domin babu abin biyan albashinta. Wannan malama ce ta buɗe bakin yaran mutanenmu da dama.

Na nemi a bayyana mini yadda kuɗin ke zuwa. Gwamnati takan tura wa council, wato hukumar gari, council ta raba wa makarantu bisa yawan ɗalibai, sannan akwai ƙari a kan kowane yaron da iyayensa masu ƙaramin ƙarfi suka yi wa rajistar abincin rana kyauta. Nan na gane ciwon. 'Yan'uwanmu Hausawan Gana, da yawansu sun cancanta, amma ba sa yin rajistar. Kullum 'ya'yansu da shinkafa da wake suke zuwa daga gida.

Na jira ranar wani sunan mutanenmu a unguwar Erdington. Da aka shafa fatiha aka raba goro, na miƙe na yi bayani. Wani dattijo mutumin Kumasi, wanda jama'arsu ke jin maganarsa, ya katse ni.

"Alhaji, mu ba bara muka zo yi ƙasar nan ba. Ku Kanawa in kuna so, bismillah."

Aka yi dariya. Na ce, "Malam, tun yaushe kake tuƙa bas a garin nan?"

"Tun kana da gashi a ka."

"Ana cire maka haraji?"

"Kafin in ga albashin ma! Ko sallama ba sa yi."

"To, guminka ne zai dawo makarantar jikanka. Rajista kawai ake nema. Yaro ya ci gaba da cin girkin uwarsa, ba mai tilasta masa dankalin makaranta."

Sai matarsa ta ɗaga murya daga ɗakin mata: "Wato ba dole ya ci ba? Baban yara, mu fa abincin muke tsoro, ku ne masu jin kunya!"

 Dattijon ya ce, "Litinin ni zan kai ɗiyata da kaina ta yi wa jikana rajista."

Ranar Litinin ya zo cikin babbar riga, iyaye na biye da shi har layi ya fita ƙofar ofishin makarantar. Ƙarin ba ya zuwa nan take, sai shekara ta kewayo, saboda haka na tsaya gaban kwamiti na nuna musu yadda za a riƙe malamar kafin ya iso. Aka ɗaga hannu, ba wanda ya ƙi. Ni aka wakilta in sanar da ita, na kuwa tarar da ita a aji, na ce ta fasa neman wani aikin.