Man Giyar da Ba Nata Ba

A layin masu kayan mota na Sabon Gari, wani matashi yana tsaye cikin farar shadda, hannun rigarsa duk maiƙo. Bayansa janwe ne ɗauke da wata baƙar mota mai ƙofa biyu, irin wadda cikinta ke shafar ƙasa. Yana girgiza galan ɗin man giya a fuskar mai shago.

"Baba Rasheed, na gaya maka kuloci biyu gare ta, man giyarta daban ne. Ka murza a yatsa, ka ce in dai ja ne duk ɗaya ne."

Mai shagon ko ɗagowa bai yi ba. "Ni na zuba? Ai da ka kai ta kamfani. Mai motar ya sani kuwa?"

Da alama bidiyo matashin ya kalla a waya, ya shige ƙarƙashin motar a gida ya zuba man da kansa, yana ganin ya fi kamfani wayo. Yanzu ko giya ɗaya ba ta shiga. Ya yi jifa da galan, zai sake magana sai wayarsa ta hau ruri. Sunan mai motar ne a kai, Yaya Kyari. Ya dubi motar, ya tura wayar aljihu tana ta kuka.