Akun da Na Haɗa wa Baba

Kafin ciwon, Baba ne rediyon layinmu. Tela ne, shagonsa na bakin titi a Tudun Wada, in ka kai masa ɗinkin wando sai ka dawo da tarihin kakanka wanda ko ubanka bai sani ba. Ni na gado shi. Mama takan ce da bakinmu mu biyu injin ba da wuta ne, da unguwar nan ba ta san an ɗauke wuta ba.

Sai hawan jini ya kayar da shi a kan keken ɗinki. Ya dawo daga asibiti hannun dama a shanye, yana jan ƙafa. Wannan duk mun iya da shi. Bakin ne ya gagare mu. Hankalinsa garau, ya san abin da yake so, amma in ya aiki bakinsa ɗauko kalma sai ya dawo masa da wata. Yana jin ƙishi sai ya ce, "Takalmi." In kawo takalmi. Ya girgiza kai, ya sake faɗa da ƙarfi, in kawo wani. A makon farko na tara masa takalman gidan kaf, gabansa ya koma ƙofar masallaci ranar Juma'a. Na yi dariya, ƙannena suka yi. Shi kuwa ya juya fuskarsa bango.

Likita ya ja wa Mama kunne a kan abu ɗaya: a sa shi ya riƙa magana ko ta halin ƙaƙa, in ya daina, bakin na iya rufewa. Maganar kuwa kullum raguwa take yi.

Lokacin muna hutu, ina zuwa ajin koyon kwamfuta a saman wani shagon buga takardu. Malaminmu siriri ne, in fanka ta juyo kansa sai mun riƙe shi. Ya koya mana haɗa 'yar manhajar hira: ka rubuta mata magana, ta musanya wasu kalmomi da waɗanda ka tanadar mata, ta maido maka kamar ta fahimta, alhali ba ta fahimci komai ba. Muka sa mata suna aku. Mazan ajin suka koya wa nasu akun zagin ƙungiyoyin ƙwallon juna. Ni ina cikin keke ina komawa gida tunanin ya faɗo min. Ai Baba ma musanya kalmomi yake yi. In aku ya iya musanyawa, zai iya maido da su inda suke.

Na ari tsohuwar kwamfutar Yaya, wadda in ta tashi sai ka ce injin markaɗe. Na zauna kusa da katifar Baba ina kasa kunne. Takalmi, ruwa ke nan. In ya ce ruwa, rediyo yake so. Almakashi magani ne. Kasuwa kuwa bayi, wannan Mama ce ta gano, kuma ba ta so na ji ba. Na zuba su duka a cikin aku, na rubuta "takalmi" don gwaji. Aku ya ce, "Baba yana son rediyo."

Na sake. Rediyo. Na kashe na kunna, na yi masa bismillah, na ɗan daka masa duka. Rediyo.

Washegari na ce, "Malam, akuna ya haukace."

Ya ce, "Aku ba ya haukacewa, sai dai mai shi. Ɗora yatsa a layin farko na umarnin da kika rubuta masa. Me kika ce masa ya yi?"

"Ya mayar da takalmi ruwa."

"To ya mayar. Yanzu me ke hannunsa?"

"Ruwa."

"Sauko layi na biyu."

Na sauko da yatsa. Layi na biyu ya tarar da ruwan da na farko ya ajiye, ya mayar da shi rediyo. Malam ya nuna min yadda zan sa aku ya rarraba maganar kalma-kalma, kowace ya taɓa ta sau ɗaya tak ya wuce. Da ya yi daidai na buga ihun da mai shagon ƙasa ya leƙo ko gobara ce. Malam ya daɗe yana kallon allon, ya ce, "Wace irin hira ce wannan, almakashi magani?" Na ce wasa ne. Ya ce, "Ki gaida Baba." Ashe Baba ne ke masa ɗinkin Sallah.

Da la'asar ɗin ranar aminin Baba ya zo dubiya, wani Alhaji mai sayar da yadi daga Tudun Jukun. Na shimfiɗa kwamfuta a gabansu kamar babbar likita. Alhaji ya yi ta zuba labari shi kaɗai, Baba na gyaɗa kai. Da ya miƙe zai tafi, Baba ya kalle ni ya ce, "Takalmi."

Na rubuta. Aku ya ce ruwa. Na juya wa Alhaji allon ya gani, na kawo kofi.

Baba ya girgiza kai. "Takalmi."

"Ga shi, Baba, sha."

"Takalmi!"

"Na ji, ai ruwan ke nan. An gyara shi yau, ba ya kuskure."

Ya ture kofin, ruwan ya zube a tabarma. Alhaji ya yi ta cewa, "Allah ya sawwaƙe, Allah ya ba da lafiya," ya fita da sauri kamar shi ya zubar. Mama ta shigo daga madafa, ta kalli Baba yana ƙoƙarin tashi da hannu ɗaya, ta ce, "Ke, takalminsa yake so. Raka Alhaji zai yi." Baba bai taɓa barin baƙo ya fita gidansa shi kaɗai ba, ko ɗan aike ne sai ya taka masa zuwa bakin titi. Kafin in ɗauko takalmin mun ji tashin babur ɗin Alhaji.

Daga ranar Baba ya daina magana. In yana son abu sai ya nuna da yatsa.

Na tambayi Malam yadda zan sa aku ya gane ranar da Baba ya faɗi daidai. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Wannan ba ya cikin abin da na iya." Na mayar wa Yaya kwamfutarsa.

Gidan ya yi tsit, har kajin Mama suka rage kuka. Kowa ya ƙware da karanta yatsan Baba, kafin ya gama nunawa an kawo. Na ga in aka ci gaba a haka ba zai sake buƙatar bakinsa ba. Sai na koma wawiya da gangan. Ya nuna kofi, in kawo hula. Ya nuna rediyo, in ɗauko masa kyanwa in ɗora a cinyarsa, in ce, "Wannan, Baba? Faɗa min mana, ni ba na gane yatsa."

Mama ta ja ni tsakar gida. "Ba ki da tausayi ne? Ubanki ne fa."

Na ce na sani. A bayan randa nake zuwa in yi kukana, in wanke fuska in dawo.

Ran nan da safe ya nuna carbinsa, na kawo masa tsintsiya da ladabi, har da durƙuso. Ya kalli tsintsiyar, ya kalle ni, leɓensa na rawa. Na tsaya ban motsa ba.

"Ja'ira," in ji Baba.

Tas ta fito, babu tangarɗa. Na ji ludayi ya faɗi a madafa. Na ce, "Na'am, Baba, me ka ce?" Bai maimaita ba. Na miƙa masa carbin, na zauna a gefen katifar har azahar ina jira, amma ita kaɗai ya faɗa ranar.