Darasin Gaisuwar Injiniya Maina Ba Zai Bi Shi Kabari Ba

Shekara bakwai ke nan da aka fitar da mijina, Injiniya Maina, daga gidanmu na Potiskum zuwa makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Yana raye ban taɓa kama sunansa ba, Baban Ummi nake ce masa. Yau ga shi na rubuta sunan ɓaro-ɓaro a jarida, kuma ba kuka na zo yi ba, na gama wannan tuntuni. Faɗa ne ya kawo ni.

A watan jiya labari ya iso mini cewa kwalejin fasahar da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a cikinta za ta soke abin da ɗalibai ke kira darasin gaisuwa. Wai ba ya cikin jarrabawa, ba a ba shi maki, kuma motar kwaleji tana shan mai. To, tunda mai darasin ba ya nan balle ya kare kansa, ni zan faɗi inda abin ya samo asali, don da ni aka yi.

Muna sabon aure aka ba shi aikin rijiyar burtsatse mai tanki da famfuna a wani ƙauye ta wajen Nangere. Ya yi awo, ya yi lissafi, ya sami ruwa garai-garai. Da ya tambayi dattawa inda za a kafa famfunan, suka nuna masa ƙofar gidan mai gari, gindin wata tsamiya inda suke zaman hira. Wuri mai kyau, tsakiyar gari. Aka yi bikin buɗewa, ya dawo gida yana ta annashuwa kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Bayan damina ya koma dubawa, ya tarar famfunan lafiya lau, amma mata na can kududdufi suna ɗiban ruwan da shanu ke sha. A daminar nan gudawa ta ci yara a garin. Ya tambayi maza, suka ce ai mata ne, ba sa jin magana. Shi kuwa ba shi da ikon shiga gidajen mutane. Sai ya zo ya ce mini, “Maman Ummi, shirya, gobe ke ce injiniya.”

Na shiga gida-gida, na sha fura har ta ishe ni. Sai da hira ta yi nisa wata matashiya mai goyo ta ce da ni, cikin Hausarta mai gargada, “Yaya, ke za ki iya duƙawa ki cicciɓi bokiti a gaban uban mijinki?” Shi ke nan fa. Surukansu ne ke zaune a gindin tsamiyar tun safe har la’asar, su kuwa kunya ba za ta bar su ko giftawa ta wurin ba. Da na gaya masa a hanya, sai ya tsayar da babur ya sauka yana salati. Daga baya ya ja bututu zuwa bayan gidaje, ya kafa wasu famfunan, aka kewaye su da zana. Mata suka bar kududdufi. Amma yaran da aka binne ba su dawo ba, kuma har ya koma ga Allah bai daina ambatonsu ba.

Daga nan ne, da ya fara koyarwa, ya kafa dokarsa. Duk ɗalibin da zai zana wani aiki na jama’a, kwalbati ne ko rijiya ko rumfar kasuwa, sai ya fara zuwa wurin hannu rabbana, ba biro, ba igiyar awo. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna inda aka nuna masa, ya sha abin da aka ba shi, ya tambayi lafiyar iyali da ta dabbobi kafin ya ambaci siminti. ’Yan mata su shiga cikin gida, samari su zauna a zaure, a dawo a haɗa abin da aka ji. Idan tsoho yarensa na Ngizimanci ko Karekare ya fi masa sauƙi, a nemi mai fassara a jira. Ran Laraba kuma yakan kwashe su zuwa kasuwar shanu, su tsaya su ga yadda dillali ke shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, kowa na huci, har a rabu ana dariya. Yana ce musu wata rana za su tsaya haka tsakanin ɗan kwangila da mutanen unguwa, kuma babu littafin da zai cece su.

Abokan aikinsa suka laƙaba masa Injiniyan Gaisuwa, suna dariya. Kada wani ya ɗauka sakaci yake da lissafi. Wallahi ɗalibansa sun fi tsoron jan bironsa fiye da na kowa, don yakan ce gada ba ta tsayuwa da sannu da aiki. Abin da ya ƙi shi ne a yaye yaro ya iya auna nauyin ƙarfe, amma bai iya cewa “a’a” ga mai son a rage siminti ba, bai iya sauraron tsohuwa har ta kai aya ba, bai iya amsa kuskurensa a gaban jama’a ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ai sai ka iya sallama kafin ya nuna maka.

Nakan zauna in ce, da yana nan yau me zai ce? Na san zai yi murna da kwamfutocin nan, mutum ne mai son sabon abu, da sai an yi da gaske za a raba shi da su. Jikana ya nuna mini a waya yadda ake hango ƙauye daga sama, rufin kowane gida ras. Abin mamaki ne. Sai dai na ƙura ido na duba, ban ga inda hoton ya nuna wace ce surukar wa ba. Jama’a kuma sun ƙaru, gari ya cika da baƙin da tashin hankalin shekarun baya ya koro, unguwa ɗaya yare uku ko huɗu. Idan a da ana bukatar injiniya mai kunne, yanzu an fi.

Ban tsaya gunaguni a ɗaki ba. Na yafa mayafi na tafi ofishin shugaban sashen. Yaro ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba, har ƙasa ya gaishe ni. Ya ce, “Hajiya, mu ma ba a son ranmu ba ne. Abin da ba a iya ba shi maki, da wuya a kare shi a gaban kwamiti.” Na ce, “Ɗana, tarbiyyar da uwarka ta yi maka, maki nawa aka ba ta? Ga shi kuwa da ita ka tarbe ni.” Ya yi murmushi ya ce kwamiti zai zauna. Na san irin wannan zaman, na yi shekaru ina aikin koyarwa kafin in yi ritaya. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Raina a ɓace na dawo, ba zan ɓoye ba. Ina jin kamar sun sake fitar da shi daga gidan ne a karo na biyu. Na duba abin da ya bari: ba gidan sama, ba lambar yabo, ko titi ba a sa wa sunansa ba, kuma ban nema ba. Abin da ya bari yana cikin mutane ne. Akwai ɗalibansa a ma’aikatu da kamfanoni, wasu har da furfura, waɗanda har gobe ba sa fito da igiyar awo a ziyarar farko. Amma su ma za su tsufa. Idan aka toshe bakin rijiyar, wa zai ɗebo wa na baya?

Ran Juma’ar da ta wuce da yamma sai ga sallama. ’Yan mata ne da samari na ajin ƙarshe, wata mai suna Falmata ce bakinsu. An ba su aikin zana wurin shan ruwan dabbobi a wani ƙauye kusa da Gadaka, an ce su yi daga taswira, ba mota. Ta ce, “Mama, mun haɗa kuɗin mota da kanmu, za mu je. Amma darasin gaisuwa yanzu suna kawai ya rage, babu wanda ya taɓa koya mana yadda ake shiga gidan da ba ka san kowa ba. An ce ke kika fara.”

Gwiwoyina sun gaji, likita ya hana ni doguwar tafiya, Ummi kuma tana ta faɗa a waya. Duk na ji. Ga masu kwamiti, ina gaishe ku da aiki, ku zauna ranar da kuka ga dama, ku soke abin da ke kan takardarku. Darasin bai taɓa zama a kan takarda ba. Na ce wa yaran su bar biro a gida, su sa takalmin da ba ya wuyar cirewa. Asabar mai zuwa da safe, ni da su muna tasha.