Tazara Biyu da Tazara Huɗu

Me ya sa Malam ya tona kansa a gaban yaran ofis, alhali zai iya gyara abin shiru ba wanda ya sani? Na tambaye shi sau biyu, dariya kawai ya yi. Yanzu ya rasu, ba wanda zan tambaya. Rakiya, rubuta yadda na faɗa, in na yi kuka ki jira ni.

Ranar ba ta fita daga raina ba. Ku da kuka zo daga baya kun san ni da shara da dafa shayi, amma ba ku san mijina ba. Malam Audu tafireta ya buga a ma'aikata har ya yi ritaya, sannan ya koyi kwamfuta da furfurarsa. Oga Bulus, mai wannan ofis, ya ɗauke shi, ni kuma ya ba ni tsintsiya. Daga unguwarmu Azuba muke zuwa tare a keke napep.

Ban yi karatu ba, amma Malam ya bayyana min aikinsa. Ya ce rubutun da ake umartar kwamfuta da shi layi-layi ne, wani layin ana tura shi ciki, wani a bar shi a baki. Kowa da yadda yake turawa, shi kuma sai ya bi ya daidaita, don na gaba ya iya karantawa. Wata rana Oga ya ce akwai manhaja mai yin wannan da kanta, sunanta fomata. A sa ta cikin edita, wato inda ake rubutun, da an danna adanawa ta jera komai. Malam ya ce shi zai saka wa kowa. Ya bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ba su sani ba, idonsa ya fara mutuwa. Ni kaɗai na sani, don ni nake karanta masa fuskar mai gaishe shi a hanya. Ya roƙe ni kada in faɗa. Tsoronsa a ce ya koma gida ya zauna.

Washegari, Talata, ana haɗa aikin kwamfuta na wani injin casar shinkafa da ke garin Doma. Rakiya da Terna ke kansa. Kafin azahar ofis ya kaure. Rakiya ta gyara layi ɗaya, Terna ya buɗe ya adana, sai kwamfuta ta nuna an taɓa layukan duka. Ta mayar, ya sake.

"Terna, wa ya aike ka cikin rubutuna?"

"Ni ban taɓa komai ba! Ke ce dai hannunki yake ƙaiƙayi."

"Hannuna? Kai da ko maɓallin rigarka ba ka jera daidai!"

Ihu suke, ba mai leƙa allon ɗan'uwansa. Oga ya fito ya ce, "Baba, ka tabbata iri ɗaya ka saita musu?" Malam ya ce ya duba. Oga ya ce a hankali, "To a cire fomatar. Wataƙila aikin nan ya yi maka nauyi, mu zauna anjima."

Ina tsaye bayansu da faranti. Harafi ko ɗaya ban sani ba, amma kullum ina goge allunan nan, na san zubin rubutu. Na Rakiya yana shiga ciki kaɗan-kaɗan, kamar matakalar ɗakinmu. Na Terna kuwa tsalle yake, kamar matakalar banki. Na ajiye wa Malam kofi, na sunkuya na ce, "Malam, na yaron nan ya fi shiga ciki. Ninki biyu."

Ya je ya kai fuskarsa dab da allon Terna, ya daɗe. Ashe inda ake sa yawan tazara, na Rakiya biyu ne, na Terna huɗu, shi kuwa biyu ya gani. Kowace kwamfuta tana jera aikin yadda aka gaya mata, tana rushe na ɗayar. Lamba ɗaya zai canza, a ce abu ya gyaru. Sai ya miƙe.

"Oga, kuskurena ne. Ba na gani sosai, na daɗe ina ɓoyewa. Kuma ba ni na gano ba, Talatu ce."

Terna ya ce, "Mama, ashe ke ce injiniya!" Aka yi dariya, ni ban iya ba. Jira nake a sallame shi.

Oga ya ja kujera ya zauna kusa da shi. Ya ce, "Yaya za a yi kada ya sake faruwa?" Malam ya ce a daina saita wa kowa daban. A rubuta ƙa'idar a fayil ɗaya, a ajiye cikin aikin kansa, editan kowa ya karanta daga can. Ya faɗa, Rakiya ta buga. Fayil ɗin da kuke amfani da shi yau ke nan. A satin Oga ya kawo masa babban allo, Terna ya kai shi asibitin ido a motarsa. Shekara biyu ya ƙara a kujerarsa, ana kawo masa aiki yana cewa wannan ya yi, wannan a sake.

Abin da na gane, a sana'ar nan ba a gudun mai kuskure, mai ɓoyewa ake gudu. Allah ya saka muku da alheri, kun riƙe shi da mutuncinsa.

Da ciwo ya kwantar da shi, sati uku ban zo ba. Ranar ƙarshe da hantsi ina shafa masa ruwa a goshi, ya kama hannuna ya ce, "Talatu, gobe ki koma ofis. Ni na gama nawa, ke ba ki gama ba."