Yaɓen Baushe Bahago

Ba zakara ke tada mutanen yammacin Filinge ba, jakin Baushe magini ne. Gari na wayewa za ka ji kukansa a hanyar kududdufi, Baushe na biye da hauya a kafaɗa. Ya haƙa ƙasa, ya cika mangala, ya zuba ramno, wato yankakkiyar ciyawa, ya tattake da ƙafa har laka ta yi danƙo. Kafin rana ta ɗaga yana bisa tsani yana yaɓe da hannun hagu, don bahago ne tun haihuwa. Haka yake yi tun kafin wasu masu furfurar yau su yi kaciya. Bana dai gwiwoyi sun ce sun gaji, ya sauko daga tsani, shi ya sa muka ga ya dace a jinjina masa yana raye yana ji.

Amma in kana son sanin nauyin mutum, bar masoyinsa, je wurin mai ƙyashinsa. Na Baushe kuwa sunansa Ɗangoma.

Tare suka koyi gini wurin maigida ɗaya, kuma gaskiya ɗaya ce, Ɗangoma ya fi shi hannu. Shi ma ya san haka, bai kuma taɓa barin kowa ya manta ba. Da yaƙin Nasara ya ƙare, tsofaffin sojoji suka dawo da abin hannunsu, kumandan, Baturen mulki, ya sa aka yanka gonakin gabas da gari aka kafa turaku, sabuwar unguwa ta tashi. Komi, wato ma'aikatan ofis, da gardi masu tsaro da malaman lakwal, makarantar boko, duk suna neman ɗakin haya. Ƙasar da a da ake ba baƙo aro a kan goro sai ga ta ta zama abin ciniki. Ɗangoma ya dubi laka, ya dubi masu sayen fili, ya wanke hannu ya zura babbar riga ya zama dillali. Ginin da ya yi na ƙarshe shi ne gidan ɗansa Ibrah a ƙarshen sabuwar unguwa, ya zuba masa duk gwanintarsa. In ya wuce Baushe yana tattaka laka sai ya tattare bakin riga, ya yi masa sannu irin ta tausayi.

Sai damina ta yi gardama, ta sake yi. Yunwa ta shigo ƙasarmu ta Kurfai, aka ɗauke wasu ma'aikata zuwa Yamai, samari suka kama hanyar Kumasi neman abin rufin asiri. Sabuwar unguwa ta koma kangaye, awaki ke kwana a zaurukan da komi suka bari. Filin da aka taɓa musaya da bijimi, yanzu ko tunkiya ba mai bayarwa. Ɗangoma ya matsa wa Ibrah a sayar da gidan tun yana da sauran daraja, yaron ya ƙi, magana ta yi zafi. Ran da Ibrah zai tafi Kumasi ya ce wa uwarsa Tambara muddin gidan nan na tsaye zai dawo, ran da ya faɗi kuwa a cire shi a lissafi. Uban ya ji, ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka wurin ba.

Ita kasuwa ba ta mutuwa, juyi take yi. Masu hatsi da dabbobi na kasuwar Baleyara suka gane ba gida suke so ba, kufai suke so, don babu geron da ya kai na kufai zangarniya. Al'adar wurin kuwa sananniya ce: in bango na tsaye, gida na mai shi ne ko da yana bayan teku, in ya zube ya koma kufai, danginsa ko mai unguwa na iya miƙa shi ga mai nomawa. Gidan ƙasa kuma ba ya yafe wa wanda ya hana shi yaɓe. Don haka dillalai suka naɗe ƙafa a inuwa suna jiran ruwan sama ya yi musu aiki.

A nan ne Baushe ya shiga musu hanci. Ba wanda ya aike shi, ba wanda ya yi masa alkawarin ko furar rana. Bazara na kamawa sai a ga jakinsa ya nufi gabas. Haske mai fura, wadda ke zama a bakin hanyar, ta ce da idonta ta ga ya toshe ɓarakar gidan wani gardi da ko sunansa bai sani ba, ya gyara indararon wata gwauruwa da ta koma Damana wurin 'yan'uwanta. Mata suka fara saka sunansa a waƙar daka. Wannan waƙa ita ta hana Ɗangoma sakat. Ya ce mutumin da ba ya ko salla ne ake wa kirari, ya ce ai iskokinsa yake gyara wa makwanci tunda su ke shiga kango. Aka yi dariya, aka ci gaba da waƙa. 

Da rumbunsa ya yi ƙasa, zuciya kuma ta bushe, sai ya karya rantsuwa. Ya lissafa daminun da suka wuce, ya tabbata gidan Ibrah ya narke, ya jawo wani falke daga Baleyara mai suna Ali ya zo ya ga kufai. Suna karya kwana ya tsaya cik. Katanga na tsaye, ɗakuna na tsaye, indararo sabo. Ali bai ga komai ba sai bango, amma magini ya san hannun magini. Kowane sawun yatsu a jikin lakar daga dama ya taso ya kwanta hagu, shafi bisa shafi, na bana a kan na bara. Wato duk shekarun nan bahagon nan yana ɗora hannu a kan gininsa, ginin da ya fi alfahari da shi a duniya. A tsakanin magina babu cin fuskar da ta kai wannan.

Ya bar baƙo a tsaye ya nufi kududdufi, babbar riga na jan ƙasa. Ya tarar da Baushe cikin laka har ƙwauri.

"Wa yab ba ka izinin taɓa ginina?"

Baushe bai daina tattakawa ba. Ya ce, "Ba kowa, Ɗangoma. Tun da nike ban ga kusurwa miƙaƙƙa kamar ta gidan ga ba. Kai kag gina, ni riga kawai nis sa mashi, don na ƙi ruwa shi ci aikinka."

Da a ce zaginsa Baushe ya yi, da Ɗangoma ya san abin mayarwa. Ya juya ya tafi gida, ranar ko tuwo bai ci ba. Ali kuwa ya hau raƙuminsa ya koma, don ba a noma a cikin ɗaki.

Labari ya bi bakin 'yan ci-rani har Kumasi cewa gidan na nan. Shekarar da aka jefa ƙuri'ar i ko a'a kan zama ƙarƙashin Nasara, bayan kaka, Ibrah ya sauko daga mota da mata da goyo. Ɗangoma na zaune a zaurensa ya gyara hula yana jira. Sai ya hango ɗansa ya ratse, ya nufi inda Baushe ke sauke mangala, ya tuɓe takalma ya durƙusa a gabansa, ya daɗe bai tashi ba. Daga baya ya zo ya gaida ubansa da ladabi yadda ya kamata, amma na biyu na biyu ne. Ɗangoma ya yi murna har ƙwalla, ya kuma ji ƙyashi har ƙashi, duk a zama ɗaya. Da ya yi wa Tambara ƙorafi sai ta ce masa, "Da ka kai ko ƙwarya guda ta laka, Maigida, da gabanka zai hwara durƙusawa."

Yau mutane na dawowa sabuwar unguwa, ana sake tambayar fili, farashi na ɗagowa a hankali kamar mai jinya. Inda aka bari ya zube, gero ne ke kaɗawa, kuma gonar wani ce. Layin da jakin Baushe ya bi, masu shi ne a ciki.

Kai ne, Baushe, ka tsare wa mutane ƙofarsu lokacin da su kansu suka fid da rai. Kai ne ka ga gida inda wasu suka ga taki. Bahago mai gyaran na dama, ba ka da fili ko taku ɗaya a unguwar da ka hana faɗuwa, katangar gidanka ma ta tsage tun bara saboda ta wasu ta sha maka kai.

Shekaranjiya da safe maƙwabta suka ga abin da ba su zata ba. Ɗangoma ne da tsohon wando, ya jingina tsani a tsagaggiyar katangar nan ta gidan Baushe, yana yaɓe yana ƙunƙuni. Duk wanda ya tsaya sai ya gaya masa ba don Baushe yake yi ba, so yake yaran yanzu su ga yadda ake yaɓe da hannun kirki. Baushe na zaune a tabarma yana miƙe da gwiwoyi, can ya nuna da haɓa ya ce masa ya bar wani wuri a sama. Ɗangoma ya harare shi, ya debo laka ya koma ya cike wurin.

Mun gode, Baushe, Allah ya huta gajiya. Ku kuma jama'a, bazara ta kusa. Kowa ya leƙa bangon maƙwabcinsa da ya yi tafiya, in ya ga tsaga ya debo laka. In ma ƙyashi ne zai sa ka hau tsanin, hau, bango bai san da wace zuciya aka yaɓe shi ba.