Usta Haruna yana nan da ransa

Da safen nan ina dama wa yara koko saƙo ya shigo group ɗinmu na Hawata: lori ta kife a hanyar Doka, Usta Haruna na cikin waɗanda suka rasu.

Ludayin ya faɗi daga hannuna.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai buga rubutu a kan ƙyalle a suk ɗin Gadarif, wato kasuwa. Ƙyallen nan da ba saƙa shi ake ba, matse zaren ake yi ya haɗe, irin na jakunkunan shaguna. Abin da ya buga, rana da ruwa sai dai su gaji.

Daminar da ruwan kogin Rahad ya koma kamar kunu, cikin 'yata Nafisa ya ƙi tsayawa. Na je shagonsa karɓar jakunkunan riɗina, ya ga idona ya tambaya. Da na gaya masa, ya shiga ciki ya yanko farin ƙyalle, wanda fenti bai taɓa ba.

"Ki ninka, ki ɗaure a bakin randa ki tace ruwa, ya bitti, 'yata. Amma laka kawai yake tarewa. Ki tafasa bayan nan, kar ki ce Haruna ya ce ya isa."

Yau babu randa a layinmu da ba ta da wannan hular.

Makon jiya na gan shi yana ɗaure damin farin ƙyallen zai kai wa matan Doka. Na ce, "Ammu, ka aika mana, ka tsufa da hawa lori." Ya yi dariya, wai in ya aika za su yi labule da shi.

Yau ɗin har na fara rubuta ta'aziyya sai 'yarsa Sa'adiyya ta kira, tana kuka tana dariya. "Abuya yana mustashfa! Ƙafa ce da haƙarƙari, amma yana magana!"

Ashe direban ne ya rasu. Mutanen da suka kai agaji ba su sami abin rufe shi ba sai ƙyallen da Usta ya naɗe daminsa da shi, mai ɗauke da sunan shagonsa. Wani ya ɗauki hoto, labari ya bazu.

Na same shi a asibitin ɗazu, fuska duk a kumbure. Ina ganinsa sai hawaye.

Ya ce, "Khalas, Maryama, ban tafi ba. Ku je gidan direban nan, can ne ake kukan gaske."

Daga nan can na wuce.

Alhamdulillahi da Ya bar mana shi. Allah Ya ba Ammu lafiya, Ya tashi kafaɗunsa. Direban kuma Allah Ya jiƙansa, Ya yi masa rahama, Ya raya abin da ya bari.

Don Allah duk wanda ya tura hoton nan ya goge. Ku sa su biyun a addu'a.